Kik mai aiki da man haidirolik ya yi sanyi, yana kuma yoyo: ta ina za a fara gyara?

Mai_Kula_da_Inji ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina yi wa manyanmu da sauran abokan sana'a fatan alheri. Tambayata a kan kik ce, wato na'urar da ke tayar da inji. Ni ne ke kula da wani injin dizal mai silinda shida wanda ke juya famfon kashe gobara a wani defo na man fetur. Injin ba da batir yake tashi ba, kik ɗinsa da man haidirolik yake aiki, domin wuri ne da ba a son tartsatsin wuta ko kaɗan. Akwai tukunyar ajiyar matsi mai cin lita 20, da famfon hannu, da wani ƙaramin famfo da injin ke juyawa da kansa don ya mayar da matsin bayan ya tashi.

A 'yan watannin nan kik ɗin ya yi sanyi. Geji yana nuna psi 3000 (psi ma'aunin matsi ne) kamar yadda aka saba, amma idan aka taka bawul ɗin tayarwa sai ya murɗa injin da ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan, daga nan ya riƙa jan jiki har ya tsaya injin bai kama ba, sai an koma an yi ta bugun famfon hannu. Ban da wannan, mai yana tsattsafowa daga wuyan kik ɗin, wato wajen da yake shiga gidan fulawil, babban faifan nan mai haƙora da kik ke juyawa, kuma man da ke cikin tanki ya yi duhu. Na samo ƙunshin robobi da sil na gyara, ina shirin kwance shi, sai dai duk kik ɗin da na taɓa buɗewa na lantarki ne. Ina roƙon wanda ya san wannan aiki ya yi mini bayanin yadda ake kwance shi daki-daki, da abin da yake gyaruwa a cikinsa da abin da dole sai an canza, da kuma irin man da ya kamata in zuba idan na gama. Na gode.

Injiniyan_Jirgin_Ruwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ita ce ka dakata da kwance kik ɗin tukuna, domin abin da ka bayyana ya fi kama da matsalar tukunyar ajiyar matsi, kuma a wannan aiki sau da yawa akan bar jaki a yi ta dukan taiki. Kik ɗin ba shi da ƙarfin kansa. Iskar naitirojin da aka matse a bayan fistin ɗin tukunyar ita ce ke turo mai, shi kuma geji matsin mai kawai yake nuna maka, ba ya gaya maka yawan man da zai fito da ƙarfi kafin matsin ya faɗi.

Bari in buga misali da tukunyarka mai lita 20. Idan an cika ta da naitirojin zuwa psi 1500, wanda shi ne abin da ake yawan samu a tsarin da ke aiki a kan psi 3000, to lokacin da famfo ya kai matsin 3000 iskar ta takure zuwa wajen lita 10, kuma wannan lita 10 na mai duk zai fito ne da matsin da bai gaza 1500 ba. Idan kuwa iskar ta sulale ta koma psi 750, famfo zai kai ka 3000 ɗin dai, geji zai nuna maka lafiya lau, amma man da zai fito kafin matsin ya sauko 1500 bai wuce lita 5 ba, sauran kuma zai fito ne a sanyaye, ba zai iya juya injin da saurin da dizal ke bukata kafin ya kama ba. Lissafin na kimantawa ne, tun da iska tana yin sanyi idan ta buɗe da sauri, amma ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa kik ke farawa da ƙarfi ya ƙare da jan jiki.

Gwada wannan ba ya bukatar wani kayan aiki na musamman. Ka sassauta bawul ɗin sauke matsi, wanda galibi yana jikin famfon hannu, ka bar mai ya riƙa komawa tanki a hankali, idonka yana kan geji. Allurar za ta yi ta sauka sannu sannu, sai ta kai wani wuri ta faɗi sifiri farat ɗaya. Lambar da ta nuna daf da faɗuwar ita ce matsin naitirojin ɗinka. Ka kwatanta ta da abin da aka rubuta a jikin tukunyar ko a littafin injin, kana tuna cewa zafi yana ɗaga matsin iska: tukunyar da aka cika zuwa 1500 a zafin digiri 20 na Salshiyos za ta nuna kusan 1600 idan zafin ɗakin inji ya kai 40.

Idan ka tarar da ita ƙasa, naitirojin busasshe kaɗai za a ƙara mata, da tiyo da geji na cika irin wannan tukunya, kuma sai an sauke matsin mai gaba ɗaya. Kada kowa ya kawo maka tukunyar oksijin ta masu walda, ko ya ce a sa iskar kwamfireso, domin oksijin da mai idan suka haɗu a cikin matsi fashewa suke yi, kuma tukunyar ƙarfe mai wannan kauri idan ta fashe ba a tsira a kusa da ita. Bayan an cika, ka shafa ruwan sabulu a bakin bawul ɗin iskar ka ga ko zai yi kumfa. Idan bai yi ba amma bayan wani lokaci matsin ya sake sauka, kuma kana ganin kumfa a man tanki, to robobin fistin ɗin tukunyar ne suka mutu, iska tana ratsawa cikin mai.

Ka kuma sa ƙarfe ka juya injin da hannu, bayan ka sauke matsin, don ka tabbatar shi kansa ba ya cijewa. Maganar yoyon kuwa daban take, za mu zo kanta. Amma tun yanzu ina jan kunne: kada a laluba yoyo da hannu a jikin tiyo mai matsi, a yi amfani da guntun kwali. Man da ke fita ta ƙaramar huda a wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kamar ba komai, alhali yana iya kai wa ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti nan take ba.

Mai_Kula_da_Inji ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na yi gwajin kamar yadda ka ce, allurar ta faɗi ne a wajen psi 800, alhali a jikin tukunyar 1500 aka rubuta. An cika ta, bawul ɗin iskar ne yake tsiyaya, an kuma canza cikinsa. Yanzu injin yana kamawa, amma har yanzu ina ganin juyin bai kai na da ba, kuma yoyon ya ƙaru tun da ƙarfin ya dawo. Da na cire matatar da ke kan hanyar komawar mai, na ga wasu 'yan ɓurɓushin ƙarfe masu ƙyalli a jikinta. Ina ganin dole dai a buɗe kik ɗin.

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Haka ne, ɗana, ɓurɓushin ƙarfe ba ya fitowa daga iska, sai an buɗe. Ka fara da wurin aiki. Ka nemi ɗaki mai rufi inda ƙura ba ta shiga, ka shimfiɗa takarda mai tsabta a kan tebur, ka wanke bayan kik ɗin sarai tun kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka kuma toshe bakin kowane tiyo da ka cire. Tazarar da ke tsakanin fistin da raminsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, saboda haka ƙwayar yashi guda ta isa ta yi ɓarna. Tsumma mai zubar da zare ma ba a son sa a nan.

Kafin ka raba gidajen, ka buga alama da ƙarfe mai tsini a kowace mahaɗa, yadda alamar wannan ɓari za ta dace da ta wancan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a irin wannan kik yadda aka zaunar da gidan boris da murfin baya shi ke nuna ɓangaren da shaf zai juya, kuma idan aka mayar da su a juye kik ɗin zai iya juyawa baya. Ka cire gidan gaba da bendis, wato ɓangaren da ke tura ƙaramar giya cikin haƙoran fulawil, sa'an nan ka tsayar da kik ɗin, ka sassauta kusoshin murfin baya kaɗan kaɗan a gicciye, don akwai sifirin da ke danne ganga a jikin faifai.

Abin da za ka tarar a ciki ba shi da yawa. Akwai ganga mai ramuka a kewaye, yawanci bakwai, kowane rami da fistin ɗinsa. Kawunan fistin suna dogare da wani boris da ke zaune a karkace, idan mai ya turo fistin sai ya zame a kan karkatar, ganga ta juya, ta juya shaf. A ɗaya ƙarshen kuma gangar tana gugar wani faifai mai ramuka biyu masu lanƙwasa, ɗaya na shigar mai, ɗaya na fita. Babu roba ko gaskit a tsakanin ganga da faifan nan, santsin fuskokin biyu ne kaɗai ke riƙe psi 3000.

Lokacin zaro ganga ka tallafe ta don kada fistin su zube. Ni kiret ɗin ƙwai nake samu in rubuta lambobi a jikinsa, in sa alama a ramin farko na ganga, kowane fistin ya zauna a gurbinsa, domin kowanne ya riga ya saba da raminsa. Ka wanke su da kananzir mai tsabta, ka duba su a haske. Ka bi jikin kowane fistin da farce: idan layin da kake gani ido kawai yake ganinsa, babu laifi, amma idan farce ya sarƙe a ciki, wannan fistin ya gama aiki. Sa'an nan ka shafa masa mai, ka sa shi a raminsa, ka toshe ƙofar ramin ta baya da babban yatsa, ka ja shi waje kaɗan ka saki. Mai lafiya zai koma ciki da kansa saboda tsotson iska, wanda ya sassauta kuwa zai tsaya inda ka bar shi. Ka juya boris ɗin karkacen da hannu kana saurare, idan ka ji gargada ko ka ga fuskarsa ta yi ƙananan ramuka a inda kawunan fistin ke bi, to ga inda ɓurɓushinka ya fito, kuma ba a gyara boris, canza shi ake yi, tare da ƙananan boris ɗin da ke riƙe shaf.

Faifan ƙofofin mai shi ne wurin da zan ce ka fi daɗewa a kai. Ka duba tsakanin ramukan nan biyu, idan akwai zanen da ya ratsa daga na shiga zuwa na fita, to ta nan ƙarfinka yake zurarewa zuwa tanki bai yi aiki ba. Ƙaramin zane yana goguwa. A kan gilashi mai kauri ake ɗora takardar guga mafi laushi, a zuba mai, a riƙa zagaya faifan a siffar lamba 8, ana juya shi a hannu lokaci lokaci don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa, har fuskar ta zama launi ɗaya.

Game da yoyon, sil ɗin shaf ne. Ka duba inda leɓensa ke kwanciya a jikin shaf, idan ya ci rami a wurin, sabon sil ma zai yi yoyo, sai an canza shaf ko an sa masa siririyar riga. Wajen sa sabo, leɓen yana kallon ɓangaren mai, kuma ka naɗe tsagogin shaf da salatif don kada su yanke shi. Kowace roba a canza ta ko da ta yi kyau a ido, a jiƙa ta da man da za a yi aiki da shi. Mai kuwa, mu a zamanin injunan Detroit Diesel masu kik ɗin haidirolik da ake kira Hydrostarter, littafinsu cewa ya yi a haɗa kashi 75 na dizal da kashi 25 na baƙin mai, kuma da shi muka yi aiki shekara da shekaru.

Mai_Gyaran_Haidirolik ta amsa:

Baba, ina gaisuwa, kuma bayanin kwancewar nan babu abin da zan ƙara a kai. Amma da izininka zan ɗan saɓa a wurare biyu. Haɗin dizal da baƙin mai gaskiya ne yana cikin littafin wancan tsari, sai dai an yi robobinsa da famfunansa ne don su dace da shi, kuma ko matsin naitirojin ɗinsa ma daban ne, psi 1250 ake cika shi. Malam bai ce irin wannan ne a wurinsa ba. Yawancin tsarin da ake kafawa yanzu man haidirolik na ma'adini suke so, mara kauri sosai, kamar mai lamba 32, saboda haka abin da littafin naka kik ɗin ya ce shi za a bi. Abin da ba a yarda da shi ba a ko'ina shi ne man birki, wanda a kasuwa wasu ke kiransa da sunan haidirolik, domin yana kumbura irin robobin da ke cikin waɗannan na'urori har su lalace.

Wuri na biyu shi ne gugar faifai. Ana yi, ni ma ina yi, amma yana da iyaka. Taurin irin waɗannan fuskoki sau da yawa a sama sama yake, idan aka yi ta guga don a kashe zane mai zurfi sai a cinye taurin, kik ɗin ya yi kyau a gwajin farko, bayan ɗan lokaci ya koma gidan jiya. Kuma gilashin taga ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar yadda ido ke gani. Idan zanen ya kama farce, a canza faifan, a kuma duba fuskar gangar, tun da biyun tare suke ci. Man nan mai tsakuwa da ake goge bawul ɗin inji da shi kada ya kusanci wurin sam. Idan lissafi ya nuna za a sayi ganga da fistin da faifai da boris gaba ɗaya, to a tambayi farashin sabon kik ko wanda aka sabunta a masana'anta kafin a yanke shawara, musamman da yake famfon kashe gobara ne, ba injin da za a ce idan ya ƙi tashi yau a dawo gobe ba.

Akwai kuma abin da ban ji an taɓo ba. Ɓurɓushin da Malam ya gani a matata wani ɓangare ne kawai, saura yana kwance a gindin tanki da cikin tiyo da cikin tukunyar ajiyar matsi. Idan aka ɗaura gyararren kik a kan wannan datti, tayarwar farko za ta watsa masa shi a fuska. Dole a zubar da man duka, a buɗe tanki a goge, a wanke bututai, a canza matata ta ɓangaren matsi da ta ɓangaren famfo, a kuma duba murfin numfashin tanki, don ta nan ƙura da laima ke shiga. Duhun man da aka ambata alama ce ta an daɗe ba a yi wannan ba.

Sa'an nan a binciki dalilin mutuwar sil ɗin. Tsufa yana kashe shi, amma abin da ya fi kashe shi da wuri shi ne toshewar hanyar komawar mai. Sil ɗin shaf ba a yi shi don ya riƙe babban matsi ba, idan tiyon komawa ya lanƙwashe, ko ya ruɓe ta ciki, ko wani ya taɓa musanya shi da wanda bai kai shi faɗi ba, matsi zai taru a cikin gidan kik ya tura sil ɗin waje. A bi wannan tiyo daga kik har tanki.

Injiniyan_Jirgin_Ruwa ya amsa:

Na yarda da Hajiya a kan mai da wankin tsarin. Saura bendis da gwaji. Malam, tun da kik ɗin yana ƙasa, ka haska tocila ta ramin da ya fito ka sa a juya maka fulawil zagaye guda. Inji mai silinda shida mai bugu huɗu yakan tsaya ne a ɗaya daga wurare uku, saboda haka haƙoran waɗannan wurare su ne ke shan karo kullum, kuma a nan za ka ga cin idan akwai. Ƙaramin kaifi a bakin haƙori ana gyara shi da fayil, amma haƙorin da ya karye ko ya cinye rabi zai lalata sabuwar ƙaramar giya. Shi bendis ɗin a wanke shi, a tabbatar giyar tana tafiya gaba da baya ba tare da sarƙewa ba, a duba sifirin ɗinsa, a shafa masa mai mara kauri kaɗan. Giris mai kauri yana kama ƙura ya daskare, giyar ta ƙi fita ko ta ƙi komawa.

Wajen haɗawa, ka jiƙe fistin da fuskar faifai da mai, ka daidaita alamominka, ka ɗaure kusoshi a gicciye da sifana mai auna ƙarfin ɗauri bisa lambar littafi. Kafin ka mayar da bendis ka juya shaf da hannu, ya kamata ya juya da ɗan nauyi iri ɗaya ba tare da wurin cijewa ba. Ka zuba mai mai tsabta ta ƙofofinsa kafin ɗaurawa don kada ya fara juyi a bushe. Kada ka gwada shi a kan tebur da cikakken matsi babu kaya a kansa, domin zai yi gudun da ya wuce ƙima.

Bayan an ɗaura, ka fitar da iska daga famfon hannu, ka kai matsin sama kaɗan da na naitirojin, ka rufe wa injin hanyar dizal, ka taɓa bawul ɗin tayarwa a taƙaice don ka ga ɓangaren juyi da yadda giya ke shiga. Idan komai daidai ne sai ka cika zuwa 3000, ka buɗe dizal, ka tayar, ka saki bawul da zarar injin ya kama, ka kuma tsaya ka ga famfon injin ya mayar da matsin ya tsaya a inda ya kamata. Daga nan ka kashe, ka ƙirga sau nawa yake tashi da ciko guda ba tare da an ƙara ba. A jiragen ruwa dokar SOLAS, wato yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, ta ce janareton gaggawa ya zama yana da ajiyar ƙarfin da zai tayar da shi sau uku a jere, kuma ni da wannan nake auna duk wanda na gyara, ko da yake naka zai bi abin da ƙa'idar wurin aikinku ta tanada. Ƙa'idar NFPA 25 ta Amurka kan kula da kayan kashe gobara, wadda ake bi a wurare da yawa, ta ce a riƙa tayar da famfon gobara mai dizal kowane mako ya yi aƙalla minti 30. A wannan gwajin na mako ka riƙa rubuta matsin geji kafin tayarwa da bayanta a littafin aiki, sa'an nan duk bayan 'yan watanni ka maimaita gwajin allurar nan ka rubuta matsin naitirojin tare da zafin ɗakin a ranar.